A Ƙirga Solbon Cikin Masu Rai

Laraba, da hantsi

Bai tashi ba. Na kai masa shayi, na ɗauko na jiya da ko taɓa shi bai yi ba. Yana kwance yadda na bar shi, fuska ga bango, bargo har kunne. Na ce, "Solbon, rana ta yi fa." Ko motsi.

Saura mako uku bikin Farin Wata ya kama, ko shara ba mu fara ba. Ni ba sharar ce ta dame ni ba, asubar sabuwar shekara ce. Ko yaron goye a garin nan ya san kafin rana ta fito allahiya Baldan Lhamo za ta hau alfadarinta ta zaga gidaje tana ƙirga masu rai. Wanda ta samu ido biyu ta sa shi cikin nata, ta tsare shi shekara guda. Wanda ta samu yana barci ta tsallake shi, don a wurinta ya mutu. To ɗana tun da ya dawo a ƙarshen kaka barci yake yi. Ta ina zan fara?

Na gaya wa Gombo. Ya ce, "Yanjima, ki bar yaron nan ya huta." Shekara talatin da aure, amsar mijina ga komai ke nan, a bar shi. Ya ɗauki hularsa ya tafi ɗakin shanu gyaran abin da bai lalace ba.

Alhamis, da yamma

Bai tashi ba. Burodin da na bari a kan tebur dai ya ragu, ban san yaushe yake fitowa ba.

Asabar, da rana

Na je kanti sayen fulawa, na bi ta bayan gida, dusar ƙanƙara har gwiwa, alhali ga shararriyar hanya ta ƙofa. Gombo ya kama ni ina tsallake shinge.

"Tsohuwa, ƙofar gidan ce ta ƙone?"

"Motsa jini nake yi."

"Da buhun fulawa a baya?"

"Kai dai koma wurin shanunka, su ne abokan hirarka."

Ya san dalili sarai. Ƙofarmu tana kallon tagar Yaya Dolgor. Tun ina amarya muke aron gishiri da rariya a tsakaninmu. Ɗanta Rincin da Solbon tare suka yi rarrafe, tare suka yi makaranta, motar soja ɗaya ce ta kwashe su a gaban kanti zuwa yaƙi. Nawa ya dawo da ƙafarsa. Nata a akwati aka kawo shi, aka ce kada a buɗe. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Na je makoki, na yi girki, na wanke tukwane. Tun daga ranar ban iya haɗa ido da ita ba. Kunya nake ji. Ban taɓa jin an ce uwa ta ji kunya don ɗanta ya dawo ba, amma ga ni nan ina bin bayan gida.

Litinin, da yamma

Yau muka yi buzar biki, ƙunshin nama a cikin kwaɓin fulawa. Sesegma ƙanwar Gombo ta zo taya ni naɗi, ita da bakinta. Ina murza kwaɓi, tana zuba nama tana tsuke baki, muna jerawa a kan katako Gombo yana fitarwa baranda su daskare. Hannunta da sauri, wannan ban hana ta ba. Amma nata duk a buɗe suke kamar bakin mai su.

Can ta nuna ƙofar ɗakin da haɓa. "Har yanzu?"

"Yana hutawa."

"Hutu tun kaka? Ko beyar daji, dabbar nan mai barcin hunturu, ai tana juyi. Yaya, ni dai abin da na ji nake faɗa, a kanti ana cewa shi ne ya ja Rincin suka tafi. Wai Rincin da farko ya ƙi."

"Wa ke cewa?"

"Mutane."

"Mutanen nan ba su da suna? Ko duk sunansu Sesegma?"

"Af! Daga faɗin gaskiya? Ni da a ce nawa ne, da tuni na sheƙa masa ruwan sanyi."

"Da a ce naki ne. Naki yana birni yana sayar da tayar mota, ba wanda ya zo ya ɗauke shi."

Na karɓe kwanon naman daga gabanta. Ta wanke hannu tana mita, wai mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo amma maƙwabta ke jin ɗigar. Ta fita ta bar ƙofa a buɗe, sanyi ya cika gida. Sauran ni kaɗai na naɗa, har bayana ya ƙage, na yi abin da gida uku ba za su cinye ba.

Kowace shekara kwanon farko na Yaya Dolgor ne. Na dafa, na rufe, na sa takalmi, na tsaya a baranda har tururin ya mutu. Gombo ne ya cinye.

Talata, da safe

Bai tashi ba. Ya ji abin da Sesegma ta ce? Bangon katako ne.

Juma'a, da rana

Na je haikali. Tsohon lama, malamin haikalin, yana fama da ƙafa, sai sabon na samu, yaron da na san ranar da aka haife shi, ga waya tana ta ƙara a cikin jar rigarsa. Na gaya masa damuwata.

Ya ce, "Inna, in mutum ba shi da lafiya ba laifi. Mai Alfadari ta fi mu sanin halin kowa."

Na ce, "A littafi ka gani ko daɗin baki kake yi mini?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce in kawo curin kwaɓinmu ran ƙona wuta, kamar kullum, kowa ya shafe jikinsa da shi daga kai har ƙafa, ya kwashe ciwo da baƙin cikin shekara, a jefa a wuta. Sai ka ce ni baƙuwa ce a garin. Na ce in mutum ya ƙi shafawa fa, uwarsa za ta iya shafa masa?

"Da yardarsa, Inna."

"Ni na haife shi."

"Duk da haka, da yardarsa."

Na ajiye madarar da na kawo na fito. Yaro dai yaro ne, ko an aske masa kai.

Lahadi, da hantsi

Na fitar da darduma na kakkaɓe ta a gindin tagarsa. Na kunna rediyo har ƙarshe. Na soya albasa da kitse na buɗe ƙofarsa don ƙamshi ya shiga. Kaina ne kawai ya yi ciwo.

Barci ƙanin mutuwa. Kakata takan faɗa, ban taɓa ƙin maganar ba sai bana.

Laraba, da safe

Jar saniya ta haihu jiya, ga sanyi kamar zai fasa itace, dole muka shigo da ɗan maraƙin cikin gida. Gombo ya shimfiɗa masa ciyawa a gefen murhu. Ni kuwa na ja ciyawar har bakin ƙofar Solbon. Tun yana ƙarami in an shigo da maraƙi a nan yake kwana, sai an ɗauke shi da ƙarfi.

Gombo ya ce, "Zai jiƙe miki daɓe."

"Ya jiƙe."

Ya jiƙe ɗin kuwa, sau ba adadi, ya kuma tauna igiyar labule. Amma da na fito da safen nan na tarar an lulluɓe shi da tsohuwar rigar sanyin Solbon, har an tura hannun rigar ƙarƙashin cikinsa. Na tambayi Gombo, ya rantse ba shi ba ne. Na tsaya a kan maraƙin nan ina kuka kamar wata sakarai, shi kuma yana tsotsar yatsana.

Na leƙa ɗakin. Fuska ga bango, bargo har kunne.

Alhamis, da yamma

Na share gida. Na sake sharewa. Na goge gumakan tagulla da fitilunsu, na wanke labule, na wanke abin da na wanke jiya. Gombo ya ce in na ci gaba zan kankare fentin daɓe. Zama ne ba na iyawa, da na zauna sai in ji kamar kwarkwasa a ƙafafuna.

Asabar

Bai tashi ba. Saura kwana uku.

Lahadi, da rana

Garin neman gira.

Na kwaɓa fulawa da safe, ba gishiri, na raba uku. Na shafe jikina, Gombo ya shafe nasa yana gunaguni wai na yi kwaɓin da sanyi. Na uku na ɗauka na shiga ɗakin a kan yatsun ƙafa. Numfashinsa yau daban yake, mai nauyi, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce madalla, zan gama bai sani ba. Na fara daga goshi. Ban kai kafaɗa ba.

Ba zan rubuta ba. Ba shi ba ne. Idanun ba nasa ba ne, ba ni suke gani ba. Da ya gane ni ya saki wuyana, na zame na zauna a ƙasa ina neman iska. Ya daɗe yana kallon hannayensa. Ya ce, "Inna." Rabon da in ji muryarsa har na manta. Sai ya ce, "Fita."

Na tsinci curin a ƙarƙashin gado na fita. Ina fita na ji ya ja sakata, tsohuwar sakatar da ya kafa tun yana saurayi, wadda bai taɓa ja ba tun dawowarsa.

Na naɗa gyale a wuya. Gombo ya ce me ya sami muryata, na ce sanyi ne. Ya kalle ni, ya kalli ƙofar, ya fita. Yau ban ji haushin shirunsa ba.

Yaron lama ya faɗa mini. Ya faɗa har sau biyu.

Litinin, da safe

Jiya da almuru aka ƙona wuta. Duk gari ya fito, ana busa ƙaho ana kaɗa ganga, numfashin mutane yana tashi kamar hayaƙi. Na miƙa curinmu uku a cikin takarda, aka tura su ƙarƙashin tarin itacen. Na Solbon goshi kaɗai ya taɓa. Ban san ko rabin shafa yana kwashe wani abu ba.

Da wutar ta kama kowa ya juya baya, don ba a waiwaye, in ka waiwaya abin da ka jefa ya biyo ka gida. Ina juyowa sai ga Yaya Dolgor a gabana, tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba. Baya ba dama, wuta ce. Gefe mutane. Dole muka jera.

Ta rame. Ta ce, "Yanjima, bana ba a yi buza a gidanki ba ne?"

Na ce an yi. Abin da ya fito daga maƙogwarona ba murya ba ce. Ta tsaya cak, ta sa yatsa ta ɗaga gyalen, ga hasken wuta ta bayanmu. Ta duba, ta mayar, ta gyara mini shi da kyau yadda ake yi wa yaro. Muka taka tare har ƙofar gida. Ta shiga nata, na shiga nawa ta ƙofar gaba.

Litinin, da yamma

Rufaffiyar rana. Ba fita, ba faɗa, ba ɗaga murya, a ci a ƙoshi. Na jera farin abinci a gaban gumaka, cuku da kindirmo da man shanu, na kunna fitila. Na ajiye kwanon buza a bakin ƙofarsa, maraƙi ya kifar.

Na yi magana ta jikin katako. Na ce, "Ɗana, ba abin da ya same ni, ka ji? Laifina ne. Gobe kawai nake roƙo. Ka tashi kafin rana ta fito, ko zama ka yi a bakin gado, ta gan ka ido biyu. Daga nan ka koma ka yi ta barcinka har bazara."

Tsoro nake ji. Da ƙofar a buɗe take ko numfashinsa nakan gani.

Talata, da hantsi

Wannan dole in rubuta shi.

Tun da duhu na hura murhu, na kunna fitilu duka, na buɗe ƙofar waje don Mai Alfadari ta ga gidan a farke. Na ƙwanƙwasa masa a hankali. Na ƙwanƙwasa da ƙarfi. Gabas ta fara ja. Daga nan ban san abin da ya hau kaina ba, na ɗauki murfin tukunya biyu ina gwarawa ina kiran sunansa da wannan shaƙaƙƙiyar muryar, maraƙi yana kuka, karnukan layi suka ɗauka. Gombo da bai taɓa gaggawa ba a rayuwarsa ya ruga ya ɗauko gatari. Ya ɗaga ke nan aka ce daga bayanmu, "Ajiye wannan, Gombo."

Yaya Dolgor ce, cikin shuɗiyar rigar bikinta. Ranar farko ƙanana ke zuwa gidan manya, babba ba ya taka gidan ƙarami, amma ga ta a tsakar ɗakina.

"Wace irin hauka ce wannan da asubar shekara? Ko alfadarin ai kun firgita shi."

Na ce, "Yaya, barci yake, za ta tsallake shi."

"Barci? Wa ya ce miki yaron nan yana barci? Tagarsa tana kallon tawa. Tun kaka nake ganin wutar sigarinsa har gari ya waye. Ni da shi muke gadin layin nan, ku kuna minshari."

Murafun suka faɗi daga hannuna.

Ta matsa jikin ƙofar. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta miƙa hannayenta biyu gaba, tafi a ƙasa, yadda babba ke yi in ƙarami zai gaishe shi ya tallafi gwiwar hannunsa. Ta ce, "Solbon, ni ce. Ban zo tambayarka komai ba. Kowace shekara ku biyu kuke zuwa gaishe ni, shi ya kama dama kai ka kama hagu, ku kwashe mini alewa. Bana ba wanda zai tallafe ni. Ga hannuna nan na miƙa, kuma na tsufa, kafaɗar nan ba ta da kirki. In ka ga dama ka bar ni a haka."

Muka tsaya. Hannayen suka fara karkarwa. Na matsa zan riƙe mata, ta harare ni na koma. Taga tana ƙara haske, hannayen suna sauka kaɗan kaɗan tana mayar da su sama, gumi a goshinta cikin wannan sanyi.

Sai sakata ta yi ƙara.

Ashe haka ya rame. Ashe gemunsa har da furfura. Ya sa hannayensa a ƙarƙashin nata ya tallafe, ta saki nauyinta duka a kansa, ta shinshini kumatunsa dama da hagu kamar yadda ake yi.

Ya ce, "Gwaggo, ni ne na ce masa..."

"Yau ba ranar wannan ba ce. Bikin wata guda ne, ka san hanyar gidana. Ka shiga shekara lafiya?"

"Lafiya, Gwaggo."

"To gaida uwarka."

Ya juyo. Idonsa a kan gyalen yake. Ya ce, "Inna, ranar ce kaɗai barci ya sace ni. Kin ga abin da na yi. Shi ya sa ba na yarda in yi." Na miƙa masa hannuwana.

Na leƙa waje, rana ba ta fito ba tukuna. Gombo yana tsaye da gatari a hannu yana share hanci da hula.

Talata, da rana

Ya sha shayi da madara, ya ci buza, Yaya Dolgor tana ƙara masa tana cewa nawa gishiri ya yi musu yawa. Yana cikin tauna kansa ya fara lilo. Ya firgita ya miƙe zaune, ta dafa shi ta ce, "Kwanta. Ina nan zaune, ba wanda zai taɓa ka." Ya kwanta a kan benci, kansa a cinyarta. Yanzu haka minshari yake yi.

Baƙi sun fara zuwa gaisuwa. A ranar farko ba a mayar da baƙo, ko maƙiyinka ne sai ya sha shayi, uwata da ta ga abin da na yi da ta tsine mini. Na sa rigar sanyi na tsaya a ƙofar shinge ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sesegma ta zo da mijinta da ƙyalle da kwalin alewa, tana ɗaga murya tun daga nesa.

"Yaya, ya tashi kuwa?"

Na ce, "Rufe mini baki. Barci yake."